Farin Shafin Baba Malam

Shekarar da tsofaffin ɗalibai suka kawo wa makarantarmu kwamfutocin hannu, ni ce na fi kowa rawar kai, kuma ba na jin kunyar faɗa. Tun kafin a gama buɗe kwalayen na riga na ɗaura ɗamara. Makarantar ta 'yan mata ce, mutanen unguwa suka gina ta da guminsu a wani lungu tsakanin Ƙofar Kibo da Limancin Kona, lungun da mota ba ta shiga sai dai babur. Kwamitin iyaye ne ke riƙe da ita. Ni tarihi nake koyarwa a can, kuma da yake na ɗan taɓa kwamfuta a kwaleji, ranar da aka kafa sola a kan rufin ofis aka ɗora mini nauyin koya wa sauran malamai.

Abin da aka kawo mana ba shi da wuyar ganewa. Malami zai buɗe shafi guda a intanet domin ajinsa. Kowace yarinya za ta shiga shafin daga kwamfutar da ke hannunta, tana zaune a bencinta. Duk abin da ta rubuta nan take zai fito a gaban kowa, da sunanta a gefe. Ƙawarta za ta iya gyara mata, malami zai iya gyara wa kowa. Kwamfutocin ba su ishi makaranta duka ba, sai muke karɓa-karɓa, aji bayan aji. Ranar da na fara gwadawa da 'yan ajina, ihun da suka yi sai da ya fito da Hajiya, shugabar makarantar, daga ofis tana tambaya ko maciji aka gani.

Sai dai kyautar ta zo da sharaɗi. Waɗanda suka ba da kayan suna son su ga shaidar an yi aiki da su. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa a ƙarshen zango za a haska shafin kowane malami a bango iyaye su gani, wanda aka tarar bai yi aiki da nasa ba kuwa a ba wani ajinsa. Da Hajiya ta karanta mana wannan a ɗakin malamai babu wanda ya kalli wani, amma duk mun san mutum ɗaya ne abin zai faɗa wa. Yana zaune a kusurwarsa kusa da taga, yana goge tabarau da jelar rawani, kamar ba da shi ake ba.

Baba Malam muke ce masa, manya da yara. Shi ne malamin Larabci. Ɗan gidan malamai ne na Limancin Kona, ya yi aikin koyarwa a gwamnati har ya yi ritaya, sannan mutanen unguwa suka roƙe shi ya riƙe musu 'ya'yansu. A ƙasa yake zuwa kullum, da lemarsa ko ana ruwa ko ba a yi, hannun rigarsa fari fat da alli. Abokin mahaifina ne tun suna yara, kuma ni kaina a gabansa na koyi haɗa baƙi. Yana da zafi a kan lalaci, in ya kama yarinya tana gyangyaɗi sai ta gwammace bulala da irin kallon da zai yi mata. Amma ban taɓa ganin ya yi wa mai kuskure dariya ba, kuma ba ya barin kowa ya yi.

Da na kai wa mahaifina labarin sharaɗin kwamiti, yana alwala a tsakar gida, sai ya dakata da buta a hannu.

“To ke mene ne amfaninki a wurin?” ya ce. “Ki koya mishi mana. Kada ki bari a wulaƙanta mini aboki a gaban 'ya'yan da aka haifa a idonshi.”

Ko bai faɗa ba niyyata ke nan. Ba na son ganin makarantar nan babu Baba Malam a cikinta.

Haka muka shiga zama da shi bayan azahar, in yara sun tashi. Allah ya sani na sha fama. Yatsansa nauyi gare shi, in ya danna harafi ɗaya sai ya fito a jere kamar tururuwa. In na ce ya taɓa a hankali, sai ya taɓa a hankalin da gilashin ba zai ma san an taɓa shi ba. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba ko a gidanmu. Wata rana na yi tsaki ban sani ba. Sai ya sauke tabarau ya dube ni ta samansa.

“Malama,” ya ce, don in zai zolaye ni haka yake kirana, “a riƙa yi mini a hankali. Lokacin da kike rubuta baƙi a juye kina kuka majina har haɓa, ban ji na yi miki tsaki ba.”

Na rufe fuska da mayafi, shi kuma ya yi ta dariya har da tari.

Da muka sa masa haruffan Larabci a kan gilashin abin ya fara sauƙi. Ranar da na zauna nesa da shi da tawa kwamfutar, na rubuta gaisuwa ta fito a gabansa, ya gyara mini wasali na ga gyaran a gabana, sai ya kaɗa kai.

“Ashe allo ne,” ya ce. “Allo ɗaya, hannu da yawa. Ikon Allah.”

Tambaya ɗaya ya ƙara yi mini, yadda ake goge rubutu. Na nuna masa yadda ake kama shafin gaba ɗaya a share. Ya gwada, shafin ya koma fari, ya yi murmushi. Sannan ya kafa wa kansa doka guda wadda ban sa shi ba: aya ba za ta hau wannan allon ba, tunda hannu-hannu yake yawo, mai alwala da marar alwala. Daga ranar bai sake nemana ba, ni kuma na koma kan sauran malamai, waɗanda wasunsu ko da ƙuruciyarsu sun fi shi taurin kai.

Lokaci-lokaci in na wuce ta tagar ajinsa nakan rage tafiya. Abin da nake gani yana faranta mini rai. Zai faɗi jimla da Hausa, su duka su duƙufa suna mayar da ita Larabci a shafin, yana zaune da tasa kwamfutar a nesa da fuska yana bi. Wani lokaci ya ba su kan magana, kamar gidanmu, ko kasuwa, ko abin da ya dame ni, kowa ta rubuta abin da ta iya. Wanda bai tashi a cikin birni ba ba zai gane girman wannan ba. Mu an raine mu a kan cewa 'ya mace ba ta ɗaga murya a gaban dattijo, balle dattijon da ya koyar da ubanta. Shekara da shekaru rabin ajinsa ba sa buɗe baki, in ya yi tambaya sai dai su sunkuyar da kai suna wasa da bakin hijabi. Yanzu ga su nan suna rubutu har suna rige-rige. Akwai wata doguwar yarinya mai in'ina da ke zama a bencin baya, wadda ni a ajina ban san kalar muryarta ba. Ta taga na hango sunanta yana ta fitowa a gefen shafi, layi bayan layi.

Tsakiyar darasi kawai nake gani, domin kafin ya tashi na riga na shiga nawa ajin. Abin da ke faruwa a ƙarshe sai daga baya na ji shi. Idan lokaci ya kusa cika, sai ya bi rubutun kowa ya gyara, su karanta gyaran tare, sannan ya tambaye su, “An riƙe?” Su ce an riƙe. Ya ce, “To, a wanke.” Ya kama shafin duka ya share.

A gidajen malamai irin nasu haka karatu yake tun kakanni. A rubuta darasi a allo, a biya, malami ya gyara, in ya zauna a kai a wanke allon a rubuta na gaba. Ba a ajiye tsohon rubutu, kuma ba a nuna wa baƙo allon ɗalibi. Kuskuren da ke kai tsakanin ɗalibi ne da malaminsa, malamin da ya bar shi a fili har wani ya gani shi ne ya ji kunya. Na san wannan sarai, a cikinsa na tashi. Amma ko a mafarki ban kawo cewa zai ɗauko shi ya kawo kan intanet ba.

Mu sauran kuwa muna can muna ta cika shafuka. Wani malami kwafo rubutun mutane yake yi daga intanet ya zuba, shafinsa ya yi tsawo kamar rawanin ango, yaran ko karantawa ba sa yi. Nawa ma da nake taƙama da shi, da hotunan ganuwa da na ƙofofin gari, in za a faɗi gaskiya yara ƙalilan ne masu baki suke rubutu a ciki, sauran 'yan kallo ne.

Zango ya zo ƙarshe. Ana saura 'yan kwanaki taron kwamiti Hajiya ta zauna duba shafukan, sai ta aiko a kira ni. Ta juyo mini da kwamfutarta. Shafin Baba Malam ne, fari tas. Babu komai sai sunan aji da ni na rubuta masa a sama tun ranar farko.

Na fita ko sallama ban yi mata ba, na same shi yana naɗe lemarsa zai tafi gida.

“Baba, ina aikin yaran?”

“Yana kansu.”

“A'a, rubutun! Rubutun da suka yi duk zangon nan!”

“Mun wanke mana,” ya ce, yana dubana kamar na tambaye shi ina ruwan alwalar jiya. “Ajiyewa ake yi?”

Ban san lokacin da muryata ta hau ba. Na ce masa ajiyewar ita ce gaba ɗaya abin da ake nema, ita za a haska a bango, in babu ita ajinsa ya tafi. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi da aka ce za a duba shafi ya ɗauka za a zo ne a ga yara suna aiki a kai. Daga nan ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya buɗe lemarsa a cikin rana ya kama hanya.

Ni ban iya barin abu haka ba. Na koma ɗakin malamai na zauna da kwamfuta, ina danna duk wani abin da ke dannuwa, ina masifa ni kaɗai. Can a wani saƙo da ban taɓa shiga ba na tarar da wurin da ake ganin tarihin shafi. Na danna, sai ga shi duka. Ashe manhajar ba ta yar da komai. Kowane darasi yana nan tun daga ranar farko, da abin da kowace yarinya ta rubuta, da sunanta, da gyaran da aka yi mata, har da lokacin da aka share. Na yi kabbara da ƙarfi har mai shara ta leƙo. Aikin da ke ciki ya ninka na kowane malami a makarantar, har da ni.

Bayan la'asar na saka kwamfutar a jaka na nufi Limancin Kona, ina sauri kamar zan tashi sama. Na same shi a zaurensa a kan buzu, manyan ɗalibansa na unguwa sun tashi ke nan, littattafai a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi a gurguje.

“Baba, an dace! Komai yana nan, ba abin da ya ɓata.”

Na matsa na buɗe masa. Ya gyara tabarau, ya sa yatsan nan nasa mai nauyi yana ja a hankali. Ina jiran ya yi hamdala, sai na ga fuskarsa tana sauyawa. Ya tsaya a kan wani darasi na farkon zango, wanda ya ba su kan magana a kan abin da ya dame su. Na leƙa. Larabcina ba shi da ƙarfi amma ya isa in gane. Wata ta rubuta cewa mahaifinta ya daɗe ba ya aiki kuma ba ya son a sani. Wata ta ce innarta kullum tana kwance, ita ke dafa abinci kafin ta zo makaranta. Doguwar nan mai in'ina ta rubuta, cikin Larabci mai karyayyen ƙafa, cewa ta fi son a doke ta da a ce ta tashi ta yi karatu a gaban mutane.

“'Yata,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, “wa ke iya ganin wannan?”

“Duk wanda aka ba ikon shiga shafin. Ni, da Hajiya, da mutanen da suka kawo kayan.”

“Tun yaushe?”

“Tun farko, Baba. Ni ma yau na gano.”

Ya ture kwamfutar a hankali zuwa gabana, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

“Na ce masu ana wankewa,” ya ce. “Ranar farko da suka ƙi rubutu, na ce masu ku yi kuskure son ranku, ku faɗi abin da ke ranku, da an tashi an wanke, ba ubanku zai gani ba, ba Hajiya ba. Da bakina na faɗa masu. Shi ya sa suka rubuta.”

Na ce masa ai ba laifinsa ba ne, bai sani ba. Na ce za mu zaɓi darussan da babu irin wannan a ciki, mu haska su kaɗai. Ya ce to kurakuran fa? Na ce wa zai damu da wasali ɗaya da yarinya ta sa a sama maimakon ƙasa, ai iyayen ma alfahari za su yi. Sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

“Kamar ba a garin nan aka haife ki ba. Rabin kwamitin nan malamai ne 'ya'yan malamai. A haska sunan 'yar gidan wane a bango tana karya Larabci, kafin magariba an kai shi kowane zaure. Ita kuma gobe ki ce ta ɗauki alƙalami?”

“To Baba sai a karɓe ajin? Saboda wannan?”

“In an karɓa an karɓa. Aji na mutanen unguwa ne. Alkawarin kuwa nawa ne.”

Na yi magiya, na kawo sunan mahaifina, har hawaye na yi, kuma rabin hawayen na haushi ne. Na zo da murna ɗauke da abin da nake ganin zai cece shi, ga shi na zame masa mai kawo mugun labari. Bai motsa ba. Kafin in tashi sai da ya sa na yi masa alkawari cewa ba zan buɗe wurin nan a gaban kowa ba.

Ranar taro aka jera kujeru a babban aji, aka rufe tagogi da zannuwa don majigi ya fito sosai. Iyaye maza suka cika gaba da manyan riguna, mu malamai muna gefe. Ni ce a kan kwamfuta. Aka yi ta haska shafuka ana tafi, har na mai kwafe-kwafen nan, wanda ya fi kowa samun yabo saboda tsawo. Da aka zo kan Larabci na danna, bango ya yi fari.

Baba Malam ya miƙe ya yi sallama, ya yi bayani a taƙaice, cewa sun yi aiki da allon kullum, kuma kullum suna wankewa in sun gama, kamar yadda aka koya masa. Na ga dattawan suna gyaɗa kai, don babu wanda bai san wannan a cikinsu ba. Amma wani matashi a kwamitin, ma'aikacin gwamnati ne, shi ke rubuta wa masu kyautar rahoto, ya ce da girmamawa shi ba ya musun maganar Malam, sai dai mutanen can ba za su karɓi baki ba, shaida suke so. Ya juyo gare ni.

“Malama, babu yadda za a yi a dawo da abin da aka goge?”

Yatsana yana kan kwamfutar, wurin ba shi da nisa. Kafin in san abin da zan ce Baba Malam ya riga ni.

“Akwai,” ya ce. “Ta nuna mini. Ni ne ban yarda ba. Rubutun yara ne, kuma na yi masu alkawari.”

Babu mai iya tsallake maganarsa a kan idonsa a ɗakin nan, matashin ma sunkuyar da kai ya yi. Hajiya, Allah ya saka mata, ta nemi mafita, ta ce to a kira yara biyu a tambaye su a ga abin da suka koya. Aka kira. Suka shigo suka ga iyayensu da abokan iyayensu jere, suka durƙusa a bakin ƙofa suka kafe ido a ƙasa. Aka yi tambaya, shiru. Aka sauƙaƙa, shiru. Ɗaya ta fara rawar jiki. Baba Malam ne da kansa ya ce a sallame su haka nan.

Shugaban kwamiti wani Alhaji ne ɗan kasuwa, wanda shi ma ya yi karatu a zauren su Baba Malam. Ya yi ta kewaye-kewaye yana share zufa. Ya yabi Malam, ya yabi mahaifin Malam, ya yabi kakansa. Sannan ya ce doka tasu ce su suka kafa, in suka karya ta a kan mutum ɗaya masu kyautar za su janye, kuma dama lokaci ya yi da za a hutar da Malam, a ɗaga shi ya zama uban makaranta mai ba da shawara. Kowa ya gane. Baba Malam ya yi godiya, ya yi wa makarantar addu'a mai tsawo, muka shafa.

Da na koma gida mahaifina bai tambaye ni komai ba, labari ya riga ni isa. Ya dai ce, “Haka yake tun muna yara,” ya shige ɗakinsa.

Sabon zango aka kawo wani saurayi mai digiri a Larabci. Ba ni da abin da zan ce a kansa, ya san aikinsa kuma yana da kirki. Shafinsa kullum a cike yake, a tsare, ba a goge ko ɗigo. Yaran suka gane haka tun makon farko. Masu bakin nan suka ci gaba da rubutu, sauran suka koma wasa da bakin hijabi, sai dai yanzu da kwamfuta a kan cinya. Na leƙa shafin sau da yawa ina neman sunan doguwar yarinyar, ban gan shi ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai, har yau kuma yana ci. Mun samu abin da ya buɗe bakin yaran da ba su taɓa magana ba, a hannun mutum ɗaya da ya san yadda zai yi da shi, muka rasa su duka biyu saboda bango yana son a cika shi.

Na nemi a share tsohon shafin gaba ɗaya, har tarihinsa. Aka ce mini ba ni da wannan ikon, Hajiya ma ba ta da shi, yana hannun waɗanda suka kawo kayan, su kuma ƙa'idarsu ba a share komai. Na rubuta musu, suka amsa da godiya da ban haƙuri.

Uban makaranta bai taɓa zuwa ba da shawara ba, babu kuma wanda ya je nema. Ni ce nake zuwa gaishe shi in na samu hali. Wata Juma'a da yamma na same shi a zauren, ya rame kaɗan, hannun rigarsa tsaf babu alli. Muka gaisa, ya tambayi mahaifina, ya tambayi yaran. Sannan ya ce, “Maganar nan fa? An samu an wanke?”

Na so in ce masa eh. Da na faɗa da ya yarda, don ba shi da hanyar dubawa. Amma ba a yi wa irinsa ƙarya.

“Ba a samu ba, Baba. Sun ce ba ya gogewa.”

Ya gyaɗa kai, ya dubi ƙofar zaure na ɗan lokaci.

“To zan aike ki,” ya ce. “Ki je ajin nan ki faɗa masu gaskiya, cewa abin da suka rubuta yana nan, don kada su zauna a kan maganata. Ki ce masu na faɗa masu abin da ba haka yake ba. Ban sani ba ne, amma na faɗa. Ki ce ina roƙon su yafe mini.”

Na ce haba Baba, jikokinka ne fa, kai ne za ka nemi gafararsu? Ya ce haƙƙi ba ya duba shekaru, in je kawai.

Ranar Litinin na roƙi sabon malamin ya ba ni ɗan lokaci a ƙarshen darasinsa. Ya fita ya bar mu. Na tsaya a gaban allo, ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, na rasa ta inda zan fara. Na dai faɗa musu yadda ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Na gaya musu wanda zai iya gani da wanda ba zai iya ba, da cewa ba a haska ko layi ɗaya ba, da dalilin da ya sa ba a haska ba. Daga ƙarshe na isar musu da roƙonsa na neman yafiya.

Babu wadda ta motsa. Wata a gaba ta ja hijabi ta rufe fuska. Can sai na ga hannu ya ɗago a bencin baya, a hankali, rabi-rabi. Doguwar yarinyar ce. Ta miƙe, duk aji suka juya suna kallonta, ta riƙe bakin benci da hannu biyu. Ta daɗe tana fama da kalmar farko, babu wadda ta yi dariya.

“Ma-malama,” ta ce, “mun yafe. Ya-yaushe zai dawo?”

Ina tsaye ina kallonta aka kaɗa ƙararrawa.